Farin Yadin Inna Kinue

Fukuoka, 9 ga Maris

Inna Kinue,

Ina gaishe ki, ina gaida gwiwar nan taki da kika ce tana riga rediyo sanin ranar da za a yi ruwa. Kwalin da kika aiko ya iso ranar Talata. Lemon ya kusa ƙarewa. Busasshen kifin kuwa, maigidana a shagon gyaran keke ya ɗanɗana ɗaya ya ce in tambaye ki ko kina neman miji. Na ce masa kin riga kin raka ɗaya makwancinsa, kin ce ya ishe ki.

Yau dai na gode da kunnenki ba ya ɗaukar waya, don abin da zan faɗa bakina ba zai iya ba. Ke da kakata 'ya'yan wa da ƙani ne, idan aka bi lissafin dangi ba ki da wani nauyi a kaina. Amma lokacin da aka kai ni wurinki ina shekara sha huɗu, kowa yana kirana da sunan macen da aka raɗa mini, ke ce kika dube ni kika ce Shun-bo, irin kiran da ake yi wa yara maza a tsibirin. Shi ya sa ke zan fara gaya wa.

Motoharu, direban bas ɗin da shekara biyu nake ce miki muna raba ɗaki, ba abokin haya ba ne kawai. Shimfiɗarmu ɗaya. Na ɓoye miki ne don ina tsoron ki ce, to me ya kai ni wahalar zama namiji idan namiji zan so.

Sai ta biyun. Kwana goma ke nan ba na jin daɗin jikina. Warin man keken da na saba da shi yanzu tayar mini da zuciya yake yi. Barci nake ji da rana tsaka, ƙirjina kuma yana ciwo a ƙarƙashin rigar matsi. Moto ya ce mura ce. Ni ma haka nake so ta zama.

Kin san shekara uku da rabi nake karɓar allurar sinadarin maza duk bayan mako uku. Murya ta buɗe, gemu ya fito, jinin wata ya ɗauke tun a wata na huɗu, ban sake ganinsa ba. Shi ya sa muka daina damuwa da kwaroron roba. Ke kika yi shekara arba'in kina ungozoma, ki gaya mini gaskiya. Wanda ba ya ganin jini zai iya ɗaukar ciki? Ki yi mini dariya in abin dariya ne, zan fi kowa jin daɗi. Allurata ta gaba ranar sha bakwai ce.

Naki,
Shunpei

Iki, 12 ga Maris

Shun-bo,

Gwiwa tana nan tana mulkinta, ni ma ina nan. Ka ce wa mai shagon ya fara aiko hotonsa. A tsaye nake rubutun nan a gidan waya don kar jirgin ruwa na rana ya tafi ya bar wasiƙar, ka yi haƙuri da hannuna.

Zai iya. Ban yi dariya ba. Ciki daga ƙwai yake, kuma ƙwai yana iya fita ba tare da jini ya yi sallama ba. Allurar nan taka tana tsayar da jini, amma ba maganin hana ɗaukar ciki ba ce, wani lokaci ƙwan yakan sulale. Na ga irin wannan a masu shayarwa har na gaji. Akwai matar wani masunci a bakin tasha da ta rantse mini ba ta ga jini ba tun haihuwarta, ina taɓa cikin na ji wata huɗu.

Ka saurara. Kar ka karɓi allurar sha bakwai sai ka san inda kake, don in akwai ciki tana iya taɓa abin da ke ciki. Ka shiga kantin magani ka sayi tsinken gwaji, ka yi da fitsarin farko na safe. Ko me ya nuna, ka je asibitin mata a duba ka.

Maganar Motoharu kuwa, ashe shi ya sa tun bara kake neman a ƙara kifi a kwali. Namiji ya so namiji, ba a kanka aka fara ba, har a tsibirin nan na san biyu da suka tsufa tare suna cewa jirgin kamun kifi ne ya haɗa su. Abin da ya dame ni laifina ne. Na ɗauka tunda kai namiji ne mace za ka nema, shi ya sa ban taɓa zaunar da kai na yi maka wannan maganar ba, ni da na yi wa 'yan matan rabin tsibirin. Ina jin likitan allurar ma haka ya ɗauka, bai tambaye ka ba. Ka yafe mini.

Kinue

Fukuoka, 18 ga Maris

Inna,

Ina fata kina lafiya. Layi biyu ya nuna. Na sayi wani na sake, layi biyu.

Ban karɓi allurar ba. Moto ya zauna a ƙasan banɗaki ya riƙe ƙafata, ya ce duk abin da na zaɓa yana tare da ni. Na san da gaske yake, amma sai na ji kamar ya miƙo mini kayan duka.

Asibitin matan na je. Na tsaya a tsallaken titi ina hango su ta gilashi, mata ne cike, wasu da cikinsu wasu da jarirai. Katin inshorata har yanzu tsohon sunan ne a kai, kuma kin san yadda suke kiran suna da ƙarfi. Na hango kaina ina miƙewa da gemuna a tsakiyarsu. Na hau kekena na koma shago. Ban san me nake so ba, Inna. Ƙirjina ya kumbura, rigar matsin tana yanka ni, ko numfashi ba na yi sosai.

Shunpei

Iki, 21 ga Maris

Shun-bo,

Lafiya lau. Na ga wasiƙarka. Ga citta, ka dafa ka riƙa kurɓa da safe. Ga busasshen biredi, ka ci kafin ka sauko daga shimfiɗa. Ban sa kifi ba saboda wari. Yadin kuma ka san aikinsa, kar ka ɗaure da ƙarfi. Hannuna yana ciwo yau, doguwar wasiƙa tana tafe. Ka koma asibitin.

Kinue

Iki, 3 ga Afrilu

Shun-bo,

Ina gaishe ka da Motoharu. Furen bishiyar ceri na bakin makaranta ya buɗe har ya fara zuba. Hannun ya warke, gwiwar ta karɓi aiki.

Kwana goma sha uku ban ji daga gare ka ba. Doguwar wasiƙar da na ce tana tafe na fara ta sau uku na yaga, don ina jira in ji inda ka tsaya kafin in cika ka da surutu. Kullum ina zuwa bakin akwatin wasiƙa, har mai kawo wasiƙun ya fara sunkuyar da kai in ya hango ni, kamar shi ya yi laifin. Na sa matar maƙwabci ta kira wayarka, ta ce ba a ɗauka.

Ba na son in tsorata ka, amma ciki ba ya jiran mutum ya gama tunani. Makonni suna tafiya, kuma akwai abubuwan da suke da sauƙi yau da ba za su yi sauƙi wata mai zuwa ba. Sai an duba ma za a san ko ya zauna inda ya kamata. In ka ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko ka ga jini, kar ka tsaya neman takarda da biro, ka tafi asibiti kowanne ne. In fushi kake da ni, ka rubuto fushin. Na fi son shi da shirun nan.

Kinue

Fukuoka, 9 ga Afrilu

Inna Kinue,

Ina gaishe ki. Babu ciwo, babu jini. Cittar ta yi amfani, na gode.

Kin ce in rubuto fushin, to ga shi. Da na buɗe kwalin na ga farin yadin a naɗe, na san ko mene ne. Duk mai ciki a tsibirin ke kike ɗaura mata shi a ciki ranar Kare ta kalandar gargajiya, a wata na biyar na cikin, ki rubuta fatan alheri da jar tawada a bakinsa, dangi su taru a ci jar shinkafa. Sau nawa na riƙe miki kwanon tawadar? Na rubuta miki cewa ban san me nake so ba, ke kuma kika aiko mini da ɗamarar masu ciki. Wato kin riga kin yanke. Za a haifa, ni ce uwa, shekara ukun nan wasa ne da ya ƙare.

Mahaifiyata in ta ji, na san abin da za ta ce, cewa jiki ya faɗi gaskiya. Daga gare ta na shirya jin haka. Daga gare ki ban shirya ba. Na tura yadin can ƙarshen kabad, kuma kwana uku ban je shago ba. Mako shida ke nan rabona da allura. Ina duba madubi kowace safiya ina neman abin da ya fara komawa. Moto ya ce babu abin da ya canza, amma shi ko na aske rabin kaina ba zai lura ba.

Asibitin ban koma ba. Ina son ki har yanzu, shi ya sa abin ya yi mini ciwo haka.

Shunpei

Iki, 12 ga Afrilu

Shun-bo, wawan yaro,

Ina lafiya, kuma na karanta wasiƙarka sau biyu, na zauna a bakin ƙofa na yi kuka, abin da ban yi ba tun rasuwar mijina.

Je ka ciro yadin nan ka warware shi. Duba bakinsa ɗaya, za ka ga an yanka shi a karkace da almakashin kifi. Wa ya yanka? Kana shekara sha huɗu, wata biyu da zuwanka, na buɗe kabad ɗin kayan aikina na tarar an rage mini sarashi, farin yadin nan na auduga, kamu shida. Na same ka bayan rumbun albasa ka naɗe ƙirjinka da shi har leɓenka ya yi shuɗi. Ka zaci duka zan yi. Me na yi? Na kwance shi na nuna maka yadda ake naɗawa mutum ya yi numfashi, na ce in ka sake ɗaurewa haka sai na jefa ka a teku. Ragowar wannan bandir ɗin ne na aiko maka. Ban taɓa ɗaura wa kowace mace shi ba, na ajiye shi shekara sha biyar don naka ne.

Ka rubuta cewa rigar matsi tana yanka ka. Wannan layin na karanta, shi na amsa. Auduga tana sakewa inda roba ba ta sakewa, kuma yanzu ƙirjin ba ya son matsi, sai dai a tallafe shi. Na ce ka san aikinsa don na ɗauka abin da na tuna shi za ka tuna. Ranar Kare ko zuwa mini a rai ba ta yi ba. Tsufa ke nan, mutum ya rubuta layi ɗaya ya zaci ya rubuta goma.

Yanzu ka ji da kyau. Na raka mata ɗakin haihuwa, na kuma raka wasu a jirgin safe zuwa birni suka dawo babu cikin, na dafa musu miya, ban taɓa gaya wa kowa sunansu ba. Ko wanne ka zaɓa zan raka ka. Kuma ko wanne ka zaɓa, Shun-bo ne ya zaɓa. Ba allura ce ta sa na kira ka haka ba, lokacin ko gashin baki ba ka da shi.

Zan shigo jirgin safe ranar Alhamis, sha bakwai. Ka zo tashar jirgin ruwa ta Hakata ka ɗauke ni, ka zo da katinka. Na sa matar maƙwabci ta kira asibitin ta karɓa mana lokaci, an kuma gaya musu sunan gida kaɗai za su kira. In suka ce Shirakawa, ni zan miƙe, kai ka kama hannuna. Wa zai kalli saurayin da ya kawo tsohuwarsa asibitin mata? Gwiwar nan ta daɗe tana cin abincina, lokaci ya yi da za ta yi mana aiki.

Kinue

Fukuoka, 28 ga Afrilu

Inna,

Ina fata kin isa gida lafiya, jirgin bai jijjiga ki ba. Moto yana gaishe ki. Ya ce tunda kika tafi kicin ɗin ya yi masa faɗi, kuma har yanzu yana jin kunyar tambayar da kika yi masa a gaban miya, ko a makarantar tuƙi ba a koya musu amfanin birki ba.

Kin ce in rubuto miki abin da likitar ta faɗa, don kina ta gyaɗa kai ne kawai ba ki ji rabi ba. Amma bari in fara da zauren jira. Kin san da ƙarfi kika yi magana? Matar da ke gefenmu ta ce kin yi sa'ar jika, ke kuma kika amsa yadda har na bakin ƙofa ya ji: "Namiji ɗaya ke nan gare ni, sai taurin kai." Kowa ya yi dariya. Kika kuma ƙara ɗingishin fiye da na gaske, na gan ki.

Mako sha biyu ne, ya zauna inda ya kamata. Likitar ta ce dakatar da allurar da na yi da wuri ya taimaka, za su ci gaba da dubawa, ba ta yi mini alkawarin abin da ba ta sani ba. Ta ce ba ni ne na farko da ya zo mata da wannan kuskuren ba. Ta kira ni Shirakawa daga farko har ƙarshe. Ta kuma ce ko me na yanke, kafin in koma kan allura sai mun zauna maganar kariya. Akwai 'yar robar da ake sakawa a mahaifa ta yi shekaru, akwai ƙwayoyin da ba sa faɗa da allurata, ga kuma robar maza da muka yi wa ritaya ba bisa ƙa'ida ba. Na zaɓi ta mahaifar. Ta ce ita ciki kaɗai take hanawa, ba ta tare cuta. Na kuma je wurin likitan allurar na gaya masa. Ya ce daga yau zai riƙa tambayar kowa.

Ta ba ni kwana bakwai in yi tunani, na cinye su duka. Ba bugun zuciyar da aka ji a na'ura ba ne ya yanke mini, kar ki zaci haka, lokacin tsoro kawai na ji. Ranar Lahadi ne ina gyara wani ƙaramin keke mai ƙafa uku, na kama kaina ina tunanin wane launi zan saya. Na gaya wa Moto, ya fita baranda ya daɗe yana goge ido yana cewa hayaƙin titi ne.

Za mu riƙe shi, Inna. Ina tsoro. Ina tsoron watannin da babbar riga ba za ta ɓoye ni ba, da muryar mahaifiyata, da littafin da ofishin gunduma suka ba ni wanda aka rubuta sunan uwa a bangonsa, har yanzu ban cike wurin ba. Allurar kuma ina kewarta kamar mutum. Amma ina so.

Yadin yana jikina yanzu haka, a sake kamar yadda kika nuna. Na auna, zai isa biyu, ƙirji da ciki. Na duba kalanda, akwai ranar Kare a tsakiyar watan gobe. Ba na son zuwa wurin ibada a karanta tsohon sunan. In muka zo tsibirin, za ki ɗaura mini a gida?

Naki,
Shunpei

Iki, 2 ga Mayu

Shun-bo,

Na iso lafiya, albasa ta yi kyau bana, gwiwar kuma tana neman ladan aikinta. Ɗingishin da ka ce na ƙara, ƙarya kake, gwaninta ce.

Ku zo a jirgin safe, ka zauna a waje inda iska take, ka riƙe citta a aljihu. Ka ce wa direban ya zo da hannu biyu, akwai rufin rumbu da ke jiransa. Zan jiƙa wake in dafa jar shinkafa, mu uku ne, ba na gayyatar kowa. Maganar mahaifiyarka ka bar ta tukuna, in lokacin ya yi tare za mu je, ni zan fara shiga.

Robar da ka zaɓa ta yi. Ka rubuta a bangon kalanda don kar hidimar jariri ta mantar da kai, in ka manta ni ban manta ba. Littafin gunduma kuwa, ka cike musu abin da suke so, takardarsu ce.

Na nemo kwanon tawadar, ta bushe, na zuba ruwa ta farfaɗo. Shekara arba'in ina rubuta magana ɗaya a bakin yadi, a sauka lafiya, sai in sa sunan mai cikin a ƙasa. Jiya na gwada hannuna a tsohuwar jarida don kar in ɓata naka, har yanzu ana karantawa. Na rubuta: a sauka lafiya, Shunpei, uban yaro.

Ka zo da yadin a wanke.

Kinue